Tuhume-tuhumen da aka fi kai mutane kotu a kansu a Nijar, da hanyoyin kare kai

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kotu a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ranar sauraron ƙararrakin laifi ya san irin mutanen da ake kira ɗaya bayan ɗaya: ɗan kabu-kabun da ya sayar da babur ɗin maigidansa, matashin da aka samu da wayar sata wadda ya ce a kasuwa ya saye ta, uwar adashen da zubi ya maƙale a hannunta, manomi da makiyayin da suka ji wa juna rauni a bakin gona, direban da ya kaɗe mai tafiya a ƙasa. Da yawansu ba su taɓa shiga kotu ba sai ranar, kuma ba su san ma'anar sunan da aka rubuta wa laifinsu da Faransanci ba.

Wannan suna kuwa shi ne kan magana. Kowace tuhuma tana da sharuɗɗan da doka ta gindaya mata, kuma wajibi ne mai shigar da ƙara na gwamnati ya tabbatar da su duka kafin a hukunta mutum. Idan sharaɗi guda ya faɗi, tuhumar ta faɗi, ko ta koma wata mai sauƙi. Kare kai a gaban shari'a yana farawa ne daga sanin waɗannan sharuɗɗa, da kuma kula da abin da ake rubutawa a kwana biyun farko bayan kamu.

Dokokin da ake aiki da su

Dokoki biyu ne suka kasance ginshiƙin shari'ar laifi a Nijar shekaru da dama, kuma an kafa su duka a shekarar 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai: kundin hukunta laifuka na ranar 15 ga Yuli, da kundin tsarin bin shari'ar laifi na ranar 14 ga Agusta. An yi musu babban gyara a shekarar 2003, wanda a cikinsa ne aka sanya bautar da mutum da kaciyar mata cikin jerin laifuka. Akwai kuma dokoki na musamman a gefe, kamar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 da dokar laifukan intanet ta 2019.

Adadin shekaru da tarar da za a ambata a nan na kundin 1961 ne bayan gyaran 2003, sai inda aka faɗi wata doka daban. Da yake ana taɓa dokoki lokaci zuwa lokaci, abin dubawa a kowace shari'a shi ne dokar da ke aiki ranar da aka aikata abin da ake tuhuma. Sabuwar doka mai tsanani ba ta komawa baya ta hau kan abin da ya riga ta faruwa, amma mai sassauci tana amfanar wanda ba a gama shari'arsa ba.

Nijar ta kuma amince da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa a 1986. Dukansu sun tanadi cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta same shi da laifi, kuma yana da haƙƙin kare kansa da samun lauya.

Matakai uku na laifi

Doka ta kasa laifuka kashi uku, kuma kashin da laifi ya faɗa ciki shi ke nuna kotun da za ta saurare shi da nauyin hukuncinsa.

Ƙaramin laifi, wanda takardun kotu ke kira *contravention*, hukuncinsa tara ce ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Yawancin saɓa dokokin hanya a nan suke.

Matsakaicin laifi, wato *délit*, ɗaurinsa ya haura kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba. Sata, zamba, cin amana, sayen kayan sata da duka suna cikin wannan kashi, kuma su ne suka fi cika kotuna.

Babban laifi, wato *crime*, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne, ko ɗaurin rai da rai, ko kisa. Hukuncin kisa yana nan a rubuce, sai dai rabon da a zartar da shi a Nijar tun 1976.

Ƙananan kotuna na gundumomi da manyan kotuna goma, waɗanda ke Yamai, Agadas, Arlit, Diffa, Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tawa, Tillaberi da Damagaram, su ke sauraron ƙanana da matsakaitan laifuka. Manyan laifuka kuwa, tun bayan gyaran 2019, sashen manyan laifuka na manyan kotunan ne ke shari'arsu, a maimakon zaman musamman da ake yi jefi-jefi a da.

Daga kamu zuwa gaban alƙali

'Yan sanda ko jandarmomi suna iya tsare wanda ake zargi na tsawon awa 48 domin bincike. Wannan tsarewa ita ce *garde à vue*. Ba a tsawaita ta sai da izinin mai shigar da ƙara, kuma sau ɗaya, na wasu awa 48. Laifukan ta'addanci suna da wa'adi na daban, kwana 15 da ake iya sabuntawa sau ɗaya.

Kundin tsarin shari'a ya wajabta a sanar da wanda aka tsare cewa yana da haƙƙin ɗaukar lauya daga awa ta 24, kuma rashin sanar da shi yana iya rushe binciken. Wata ƙa'ida ta ƙungiyar UEMOA ta ranar 25 ga Satumba 2014 ta ƙara gaba, ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Haka kuma doka ta ce a haɗa wanda za a miƙa wa mai shigar da ƙara da takardar likita mai shaida cewa ba a gallaza masa ba. Azabtar da wanda ke hannu laifi ne mai zaman kansa tun bayan dokar 2020.

Abin da ya fi komai tasiri a wannan mataki shi ne takardar bayani, wadda jami'ai ke kira PV. Jami'i yana tambaya da Hausa ko Zabarmanci, yana rubutawa da Faransanci, sannan a ce mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A bisa doka, a matsakaitan laifuka wannan takarda bayani ce kawai da alƙali zai auna. A aikace kuwa, ita ce abu na farko da alƙali ke karantawa, kuma wanda ya zo kotu da maganar da ta saɓa mata sai ya sha tambayoyi. Saboda haka mutum ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa da harshen da yake ji, ya ce a gyara inda aka yi kuskure. Idan aka ƙi gyarawa, yana da damar ƙin sa hannu, sai a rubuta cewa ya ƙi. Kalma guda tana iya sauya tuhuma: "na ɗauka" daban, "ya ba ni" daban.

Bayan tsarewa, mai shigar da ƙara yana da zaɓi. Yana iya ajiye ƙarar idan bai ga laifi ko hujja ba. Yana iya sakin mutum ya ba shi ranar zuwa kotu. Yana iya bin hanyar gaggawa ta wanda aka kama dumu-dumu, ya tura shi gidan kaso a gurfanar da shi a zama mafi kusa. Wanda aka bi da shi ta wannan hanya yana da haƙƙin neman aƙalla kwana uku domin shirya kariyarsa, kuma sau da yawa neman wannan jinkiri ya fi amsa tambayoyi ba shaidu ba takardu. Hanya ta ƙarshe ita ce miƙa fayil ga alƙalin bincike, abin da ya zama dole a kowane babban laifi.

Alƙalin bincike yana neman hujjar da ke ɗaure mutum da wadda ke wanke shi. Ana iya roƙonsa ya saurari shaida, ya haɗa mai ƙara da wanda ake tuhuma gaba da gaba, ko ya nemi ra'ayin ƙwararre. Idan bai samu isassun hujjoji ba, yana rufe fayil ba tare da an je zaman shari'a ba.

Tsare mutum kafin shari'a yana da iyaka: wata 6 da ake iya sabuntawa sau ɗaya a matsakaicin laifi, wata 18 da ake iya ƙara wa wata 12 a babban laifi, ban da wasu laifuka masu tsanani da doka ta keɓe. Duk da haka, masu jiran shari'a ne suka fi yawa a gidajen kason ƙasar. Ana iya neman sakin talala a kowane lokaci, a rubuce. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko mutum yana da sanannen mazauni da sana'a, ko zai dawo idan an kira shi, ko zai iya matsa wa shaidu. Takardar shaidar zama daga mai unguwa ko ofishin magajin gari tana taimakawa, kuma alƙali yana iya sharɗanta ajiye kuɗi.

Sata

Sata a doka ita ce ɗauke abin wani da mugun nufi ba da yardarsa ba. Sharuɗɗa uku ke nan: a ɗauke abu, abin ya zama na wani, a kuma yi da niyyar zalunci. Hukuncin sata marar wani ƙari shi ne ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar jika 5 zuwa jika 100 na sefa.

Abin da ke ɗaga hukunci shi ne yanayin da aka yi ta: da dare, a gidan da mutane ke kwana, da fasa ƙofa ko haura katanga, da makami, da duka, ko mutum biyu zuwa sama. Idan waɗannan suka taru, sata tana iya tashi daga matsakaicin laifi ta zama babba. Don haka ko wanda ya amsa cewa ya ɗauka yana da abin karewa: shin dare ya yi a lokacin, shin ƙofar a buɗe take, shin sandar da ke hannunsa makami ce ko ta kiwo? Wanda ya ɗauki abu bisa zaton nasa ne, ko abin da ake jayayyar gado a kansa, yana iya nuna cewa babu mugun nufi.

Satar dabbobi tana da nata babi, kuma hukuncinta ya fi na sata ta yau da kullum nauyi. A irin wannan ƙara, shaidar da ke jikin dabba, dillalin da aka yi ciniki a gabansa da takardar kasuwa su ne manyan hujjoji.

Riƙe ko sayen kayan sata

Wannan ita ce tuhumar da ta fi kama mutanen da ba su taɓa tunanin shiga hannu ba. Ana kiranta *recel*. Wanda ya saya, ya karɓi ajiya, ya karɓi kyauta ko jingina na abin da ya san ta hanyar laifi aka samo shi, ya faɗa cikinta. Sharaɗinta shi ne sani. Da yake ba a ganin abin da ke zuciya, alƙali yana duba alamu: farashin da ya yi arha fiye da kima, ciniki da tsakar dare, babur ba takardu, wayar da aka goge komai a cikinta, mai sayarwar da ba a san sunansa ba.

Kariya a nan ita ce nuna cewa an yi ciniki a fili: wurin da aka saya, kuɗin da aka biya, shaidun da ke wurin, rasiɗi, lambar wayar mai sayarwa. Wanda ya iya kai jami'ai wurin wanda ya sayar masa ya rage wa kansa rabin wahala.

Cin amana, zamba, da bambancinsu da bashi

Cin amana yana faruwa ne idan an miƙa wa mutum abu da yardar mai shi, bisa sharaɗin ya mayar ko ya yi wani aiki da shi, sai ya karkatar da shi: ajiya, haya, aro, jingina, wakilci ko aikin da aka ɗauke shi. Yaron shago da ya cinye kuɗin ciniki, wanda aka ba kiwo ya sayar, uwar adashen da ta kashe zubi, duk nan suke shiga. Wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da cewa ya miƙa abin, da kuma sharaɗin da aka miƙa shi a kai. Wanda ake tuhuma yana iya nuna cewa kayan sun salwanta ne ba da son ransa ba, kamar gobara, fashi ko mutuwar dabba, ko kuma cewa akwai lissafi tsakaninsu da ba a rufe ba.

Zamba kuwa ita ce karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara: sunan ƙarya, muƙamin ƙarya, ko wani shiri da aka ƙulla domin ya yarda. Mai karɓar kuɗin kujerar Hajji alhali ba shi da izini, mai sayar da fili guda ga mutum biyu da takardun jabu, mai turo saƙon waya cewa an yi kuskuren tura kuɗi, duk zamba ce. Hukuncinta ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ne da tara. Alkawarin da aka kasa cikawa shi kaɗai bai isa zamba ba. Sai an nuna cewa tun farko an shirya yaudarar, kuma ita ce ta sa aka ba da kuɗin.

A nan ne ake yawan cakuɗa laifi da bashi. Wanda ya ranci kuɗi ko ya ɗauki kaya bashi ya kasa biya, ƙararsa ta kotun farar hula ce ko ta kasuwanci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ambata a sama ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya. Masu bin bashi da dama suna kai ƙara ofishin 'yan sanda da sunan cin amana domin su tsorata wanda suke bi. Takardar rance, saƙonnin waya da ke nuna an yi maganar lokacin biya, da shaidar cewa an riga an biya wani kashi, su ke tabbatar da cewa bashi ne.

Duka, rauni da kisa

Dukan ganganci ko jin rauni yana jawo ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tara. Hukuncin yana ƙaruwa idan an yi da makami, ko an shirya tun da farko, ko ya bar nakasa, ko an yi wa iyaye ko ƙaramin yaro. Takardar likita ita ce ma'auni, don haka idan an ji wa juna rauni, kowane ɓangare ya nemi tasa tun raunin yana ɗanye.

Idan rai ya salwanta, niyya ce ke raba tuhume-tuhume: dukan da ya zama ajali ba da nufin kisa ba, kisan ganganci, da kisan da aka shirya ko aka yi wa kwanton ɓauna. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazarar da ta kama daga ɗaurin shekaru zuwa hukuncin kisa.

Kare kai hujja ce da ke wanke mutum gaba ɗaya, amma da sharuɗɗa: harin ya zama na zalunci, yana faruwa a lokacin, kuma martanin ya yi daidai da shi. Wanda aka mara ya zaro wuƙa ya wuce iyaka. Wanda ya koma gida ya ɗauko adda bayan an raba faɗa, ramuwa ya yi. Doka ta fi sassauta wa wanda ya tunkuɗe mai haura masa gida da dare. Tsokana mai tsanani ba ta wanke mutum, amma tana iya rage hukunci. Dukan ɓarawon da jama'a suka riga suka kama ba kare kai ba ne, kuma duk wanda ya sa hannu ana iya tuhumarsa.

A rikicin manoma da makiyaya, ɓarnar gona tana bin hanyar sulhu a gaban sarakunan gargajiya tukuna, kamar yadda dokar kiwo ta 2010 ta tsara. Da zarar an zubar da jini, magana ta koma hannun mai shigar da ƙara.

Haɗarin hanya

Direban da ya kashe ko ya raunata mutum ana tuhumarsa da kisa ko rauni ba da gangan ba. Ana buƙatar a nuna sakaci, ganganci ko saɓa dokar hanya, da kuma cewa wannan kuskure ne ya jawo haɗarin. Zanen wurin haɗari da jami'ai ke yi, alamun birki da shaidun gani da ido su ne hujjoji. Gudu bayan haɗari laifi ne na daban. Direban da ya ji tsoron fushin jama'a ya nufi ofishin 'yan sanda ko na jandarma mafi kusa ya kai kansa nan take. Inshora mai aiki ita ke ɗaukar diyya, rashinta kuwa yana barin direba da mai mota da biya daga aljihunsu.

Miyagun ƙwayoyi

Dokar 1999 ta bambanta mai sha da mai safara ko sayarwa, kuma hukuncin na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Yawan abin da aka kama, yadda aka ƙulla shi, sikeli ko kuɗin da aka samu tare da shi, su ake dubawa. Hukumar OCRTIS ce ke jagorantar wannan yaƙi, kuma tabar wiwi da tramadol suna cikin abin da aka fi kamawa. Direbobi da fasinjojin da ke karɓar saƙo a tasha suna cikin haɗari: wanda aka samu ƙunshi a hannunsa sai ya gamsar da kotu cewa bai san abin da ke ciki ba. Buɗe saƙo a gaban mai shi, da rubuta sunansa da lambarsa da na mai karɓa, shi ne rigakafin.

Laifukan intanet

Dokar ranar 3 ga Yuli 2019 ta shafi abin da ake rubutawa ko turawa a WhatsApp, Facebook da TikTok. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi, amma wata doka ta watan Yunin 2024 ta mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Wanda ya tura saƙon da wani ya ƙirƙira shi ma ya yaɗa. Tambayoyin kariya su ne: wa ke riƙe da wayar ko shafin a lokacin, shin maganar ta ambaci wani takamaiman mutum, shin zargi ce ko ra'ayi, kuma shin hoton da aka gabatar cikakke ne ko an yanke shi.

Fyaɗe

Fyaɗe babban laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 20, kuma yana ƙaruwa idan wadda aka yi wa ba ta kai shekara 13 ba, ko mai laifin yana da iko a kanta. Sasantawa tsakanin iyalai ba ta kashe wannan ƙara. Binciken likita da wuri yana da amfani ga ɓangarorin biyu.

Hujjojin da suka shafi kowace tuhuma

Nauyin kawo hujja yana kan mai shigar da ƙara, kuma shakka tana amfanar wanda ake tuhuma. Wanda ya ce ba ya wurin da abin ya faru ya kawo abin da ke nuna inda yake: tikitin mota, rajistar wurin aiki, shaidun da ba 'yan gidansu kaɗai ba. Amsa laifi ma hujja ce da alƙali ke aunawa, kuma wanda aka tilasta wa amsawa ya faɗa tun ganinsa na farko da alƙali, ya nemi likita ya duba shi.

Taɓin hankali a lokacin aikata abu, da tilastawar da ba a iya kauce mata, suna ɗauke alhaki. Yaron da bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi, sai dai a ɗauki matakin kula da shi. Daga 13 zuwa 18 alƙalin yara ne ke shari'arsa, bisa dokar 2014, da hukunci mai sassauci. Takardar haihuwa a nan tana iya raba yaro da shekaru a kaso.

Ƙara tana mutuwa idan lokaci ya wuce ba a ɗauki wani matakin bincike ko tuhuma ba: shekara 1 ga ƙaramin laifi, 3 ga matsakaici, 10 ga babba. Ba a kuma yi wa mutum shari'a sau biyu kan abu guda bayan hukunci ya tabbata. Wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi yana da haƙƙin tafinta.

Idan hujja ta yi ƙarfi, kariya tana komawa ga neman sassauci. Rashin tsohon laifi, mayar da kaya, biyan diyya da nauyin iyali suna iya sa alƙali ya rage hukunci, ko ya yanke ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wanda ba a shiga kaso sai in an sake aikata laifi cikin wa'adin da doka ta sa.

Lauya, da wanda ba shi da hali

Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke, abin da ke barin jihohi da ƙaranci. Domin rage wannan giɓi aka kafa hukumar ANAJJ da dokar ranar 14 ga Disamba 2011, mai ofisoshi a manyan kotuna. Tana ba da shawara kyauta ga kowa, tana kuma samar da mai kariya ga marasa hali. Yara da waɗanda ake tuhuma da babban laifi suna samun mai kariya ko ba su nema ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su ANDDH su ma suna ba da shawara. A yi hattara da 'yan kan-ta-waye da ke yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali. Ba da cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa.

Sulhu da janye ƙara

Sarakunan gargajiya suna da ikon sasanta rigingimun al'ada, na farar hula da na ciniki, amma ba su da ikon yanke hukuncin laifi. Idan mai ƙara ya yafe, haƙƙinsa na diyya ya janye. Tuhumar kuwa ta al'umma ce, kuma mai shigar da ƙara yana iya ci gaba da ita, sai a 'yan laifukan da doka ta ce ba a bin su sai da ƙorafin wanda aka yi wa. Duk da haka sulhu yana da tasiri wajen sakin talala da sassauci. A rubuta shi, a sa hannu a gaban shaidu, a kai wa kotu.

Bayan hukunci

Wa'adin ɗaukaka ƙara a matsakaicin laifi kwana 10 ne daga ranar hukunci. Ana yin sa a ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin, wanda ke tsare kuma yana yi ta hannun shugaban gidan kaso. Idan wanda aka hukunta ne kaɗai ya ɗaukaka, ba a ƙara masa hukunci, amma mai shigar da ƙara shi ma yana iya ɗaukakawa. Wanda aka yanke wa hukunci a bayan idonsa ba tare da sammaci ya same shi ba yana iya neman a sake shari'ar. Matakin ƙarshe shi ne kotun ƙoli ta Cour d'État, wadda aka kafa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ita ba ta sake sauraron shaidu, tana duba ko an bi doka ne kawai. Kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin hukunci ana cire su daga ɗaurinsa.

Ga masu tsallaka iyaka

Fatake da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, su sani cewa dokar ƙasar da abu ya faru a cikinta ita ke aiki. Tsarin Najeriya ya samo asali ne daga na Ingila, kuma jihohi 12 na arewacinta suna da kotunan shari'ar Musulunci masu hukunta laifi tun farkon shekarun 2000. A Nijar ana amfani da al'ada a sha'anin aure, gado da gonaki, amma laifi kundin ƙasa kaɗai ke hukunta shi. Baƙon da aka kama yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa.

Abin da dangi za su yi a ranar farko

Su gano ofishin da ake tsare da mutum, su rubuta rana da sa'ar da aka kama shi, domin daga nan ake lissafin awa 48. Su tambayi sunan tuhumar kamar yadda aka rubuta ta. Su tattara rasiɗi, takardun babur ko na fili, saƙonnin waya da sunayen shaidu kafin su watse. Su tuntuɓi lauya ko ofishin ANAJJ da ke babbar kotu mafi kusa. Kada su goge komai daga waya, kada su je wa mai ƙara ko shaidu da barazana, domin wannan sabuwar tuhuma ce, kuma tana rufe ƙofar sakin talala. Duk kuɗin da aka biya da sunan tara ko ajiya, a karɓi rasiɗinsa a adana.